Taku Uku

"Baba, daure ka yi taku uku, sai mu sallame ka," in ji ma'aikaciyar asibiti.

Shekara talatin yana sauke shanu a tashar jirgin ƙasa, ya san dokar sarai: dabbar da ta yi taku uku da kanta daga tarago, kamfani ba ya biyan diyyarta. Ya tuna wata farar saniya mai karyayyar ƙafa. Wutsiyarta ya murɗe har ta yi taku uku, ya rubuta "lafiya lau". A na huɗu ta faɗi, ba ta sake tashi ba.

Ya sauko daga gado. Ɗaya. Biyu. Sai ya ji ƙarar kofato a bayansa, ana jan ƙafa guda, da huci mai ɗumi a ƙeyarsa.