Kada a Tafki Ɗaya

Tunda ka zo da ƙorafin abokin gasarka, har kana neman hanyar ɓata masa suna, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani babban tafki a bayan wani gari, da wuraren shaƙatawa biyu a bakinsa. Na gabas na wata hajiya ne, ta gaje shi wajen mijinta. Lambun mangwaro ne mai inuwa, da rumfuna, da lilo, da ɗan jirgin ƙasa mai zagayawa da yara, da dawakin hawa, da ɗakunan kwana, sai 'yan kwale-kwale a bakin ruwa. Na yamma kuwa wani attajiri ne ya gina daga baya, ya zuba dukiyarsa kaf a kan ruwa: jirage masu inji, da dogon sulu da yara ke sulalowa su faɗa tafkin, da gidan abinci a kan gada. Duk Sallah da hutun makaranta sai gasa ta tashi. In ya rage kuɗin shiga, ta ƙara wa yara zagaye kyauta. In ya kawo makaɗa, ta kawo mai gashin kifin da ba a manta hannunsa. Har nan babu laifi, kasuwa ce. Sai dai iyalai kan leƙa nasa su kashe ƙwarƙwatar ido, su dawo wajenta su ci su kwana. Abin ya tsaya masa a rai.

Ana gab da Babbar Sallah sai labari ya cika gari, wai an ga kada a gefen hajiya, har ya kusa ɗauke wani yaro. Ga hoto yana yawo a wayoyi. Hajiya ta san ƙarya ce, ta kuma gano cewa yaran attajirin ne suka kai zancen tasha. Waɗanda suka kama ɗaki suka fara bugowa suna fasawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don da cinikin Sallah take riƙe ma'aikatanta har shekara ta zagayo. Ma'aikatan suka taru suka ce a rama, a baza cewa abincinsa ya kwantar da mutane a asibiti. Ta dubi ruwan, ta ce, "Ku ƙyale shi. Ni dai ban taɓa ganin tafki mai katanga a tsakiya ba. Ku ɗaure kwale-kwalen nan, ku share lambu, ku wanke dawaki."

Ranar Sallah ta zo, motoci suka yi jerin gwano daga gari. Amma kowace uwa ta riga ta yi tunaninta tun daga gida: kada bai san iyakar fili ba, wanda ke gabas da safe yana iya zama yamma da la'asar. Babu wadda ta yarda ɗanta ya tsoma ko yatsa. Wajen attajiri kuwa in ka cire ruwa babu abin yi. Jiragensa suka wuni a ɗaure suna rangaji, sulun ya bushe a rana, shinkafar da aka dafa ta lalace a tukunya. Jama'a suka kwarara lambun hajiya, can nesa da bakin ruwa, har wurin shimfiɗa tabarma ya yi wuya.

Attajirin da kansa ya shiga gidan rediyo yana rantsuwa babu kada, ya ɗauko masunta su shaida. Mutane suka ce, "To me zai faɗa dama, mai jirage?" Daga ƙarshe ya tako har rumfar hajiya, kansa a ƙasa, ya roƙe ta su haɗa baki su ƙaryata zancen. Ta sa aka kawo masa ruwan sanyi, ta kuma amince, don tafkin nata ne ita ma. Amma ƙarya ta riga ta yi nisa. Kafin mutane su sake yarda da ruwan, ya sayar da jiragen.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.