Kyandir na Biyar

Matei ya jera murafan kwalba goma sha biyu a dokin ƙofa, ja a gaba, kore a baya. Uwarsa Ilinca ta kira sunansa sau uku, bai waiwayo ba. Shekararsa huɗu, bai taɓa cewa "Mama" ba. In ƙararrawar coci ta buga, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta buga goshi da bango.

Ubansa Dorel direban babbar mota ne, kuma duk dawowarsa daga Jamus da sabon abin zargi yake zuwa. Yau allurar rigakafi ce, gobe ruwan rijiya. Daga baya ya tuna Ilinca ta yi aikin tumatir a Sifen da cikin wata biyar, tana shaƙar maganin feshi.

Likitar birni ta kira abin galahanga. Ta ce ba allura ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne, sai dai yakan bi jini. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi.

Profira, uwar Dorel, ta riga kowa buɗe baki. "Ba dai a gidanmu ba. Biyu na haifa. Gavril zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan shekara biyar, Dorel kuwa ga shi garau. A bincika can wajen su 'yar tumatir."

Duk bayanin likita, kalmar jini kaɗai ta shiga kunnen Dorel. A mota ya yanke hukunci: da an yi bikin Ista na Kirista, Ilinca ta kwashe ɗanta ta koma gidan iyayenta. Namiji in ya samu inda zai sauke kunyarsa, ba ya duba kan wa ta faɗa.

Abin haushi, tsohuwar ce kaɗai ta iya da yaron. In ya fara ihu, sai ta naɗe shi da bargo mai nauyi, ta danne kafaɗunsa, ba ta kallon idonsa. Ita ta ce a daina haɗa masa tuwon masara da cuku a faranti ɗaya.

"Mama, a ina kika koyi wannan?" in ji Ilinca.

"Tsufa ne, ke. In kin kai za ki sani."

Duk Alhamis ɗin farkon wata Profira takan hau bas zuwa bayan dutse, wai wajen mai duba gwiwa, da kwalbar zuma da safar ulu da ta saƙa. Ranar tuna matattu takan dafa alkama ta raba sadaka da sunan mijinta. Ba ta ambaton Gavril. Mutane suka ce zafin rashin ɗa ne.

Duk Lahadi kuma, kafin a buga ƙararrawa, takan ja hannun Matei zuwa harabar coci. Akwatunan ƙarfe biyu ne a can cike da yashi, ɗaya na kyandir ɗin masu rai, ɗaya na matattu. Da hannunta take kafa kyandir, ba ta taɓa aiken kowa ba.

Ana saura mako guda Ista, gwiwar ta ƙi ɗaukarta. Matei ya tsaya a ƙofa da takalmansa a hannu, ya fara jijjiga, don a wurinsa Lahadi ba ta canjawa. Ilinca ta baro jakar da take shiryawa ta fita da shi.

Zamfira mai sayar da kyandir ta miƙo guda shida ba tare da an faɗa mata ba. "Kullum shida surukarki take ɗauka."

Ilinca ta yi lissafi, ya fita daidai. Ta kafa huɗu a akwatin masu rai: Profira, Dorel, ita, Matei. Ta kafa biyu a na matattu: mijin Profira da Gavril.

Matei ya ƙwala ihu. Ya fizge hannunsa, ya tumɓuke kyandir ɗaya daga wajen matattu, kakin yana ɗiga masa a yatsu. Ya kai shi akwatin masu rai, ya kafa shi a farkon layi, ya gyara tazararsa. Sai ya yi shiru.

"Haba Matei, na matacce ne, mayar da shi!"

"Ƙyale shi," in ji Zamfira. "Yadda kakarsa take yi ya yi. Yaron nan ba ya kuskuren layi."

"To ai mu huɗu ne, Inna."

Zamfira ta daɗe tana kallonta. "Da gaske ne an ce ki tattara kayanki? Wai jininki?"

Ilinca ta gyaɗa kai.

Zamfira ta yi tsaki, ta rufe akwatin kuɗinta. "Shekara arba'in ina riƙe bakina, yau ya ishe ni. Surukarki mutane take iya yi wa ƙarya, 'yar nan, ba ta iya yi wa Allah. Kyandir na biyar na Gavril ne: yana nan da ransa a gidan naƙasassu na bayan dutse, inda ta kai shi da hannunta, kuma har yau murafan kwalba yake jerawa."