Baƙin Kaka

"Ku je kawai, gwiwar nan ta ƙi," in ji Kaka, ta zube kan bencin da ke gindin dutsen da za mu hau. Shekara guda tana ɗokin zuwa gandun dajin nan.

Muka bar ta, jikinmu a sanyaye. Awa huɗu muna hawa, Baba yana ta zuba surutu, sabuwar kyamararsa a wuya. Ban da kashin giwa, ba mu ga komai ba.

Da muka sauko, tun daga nesa Kaka ta ɗora yatsa a leɓe, idanunta na dariya. Barewa uku ke kiwo a gabanta, ƙaramar tana shinshinar bakin zanenta.

"A hankali," ta raɗa mana. "Kada ku korar mini baƙi."