Sunan da Aka Farke

"Ba zan sa ba," in ji tsohon, ya ture sabuwar rigar.

Ranar tuna baya ce. Kulob ɗin wasan ƙwallon besbol na garin ya ɗinka wa 'yan wasansa irin rigar tsohuwar ƙungiyar baƙaƙen fata ta zamanin wariyar launin fata, aka gayyato shi ya jefa ƙwallon farko, don shi kaɗai ya rage cikinsu.

"Haba Baba," in ji yarinyar da ta tsara rigar, "daga hotonku na kwafo ta, ko maɓalli ban canza ba. Tsohuwar da ke jikinka fa duk ta koɗe."

"Ba komai hoto ke nunawa ba, 'yata. Matso ki gani."

Ta sunkuya. A jikin tsohuwar rigar, ƙarƙashin sunan ƙungiyarsu, ramukan allura sun bar shatin wani suna da aka farke: sunan wannan kulob ɗin. Kwancen fararen fata suke sawa a lokacin. A ba su riga, a hana su ƙofa.

Ya ɓalla maɓallinsa har wuya, ya miƙa mata sandar da yake dogarawa.

"Rigar nan ta sha wasa a filin nan. Ni aka hana. Yau tare za mu shiga."