Waƙar da Ta Fito daga Turmi

"Wai ta yaya ake koya wa ɗan shekara bakwai rubuta waƙa?" Wani malamin firamare ne ya tambayi abokinsa a zaure, matar abokin kuwa tana tsakar gida tana sheƙar gero, ta jiyo. Matar yarinya ce mai kunya, karatunta bai wuce aji huɗu ba. Malamin ya ce mako uku ke nan yana cika allo da dokokin ƙafiya da kari, yara sun yi tsuru-tsuru kamar an aiko musu da mutuwa, ga shi ran Alhamis kowa zai tashi gaban iyaye ya karanta tasa. To, cikin yaran har da Tasalla, ƙanwar mijin matar, wadda tun jiya take kuka, ta rantse ta bar makaranta ke nan, don kada a yi mata dariya.

Matar ta zuba gero a turmi, ta miƙa wa Tasalla ƙaramar taɓarya, suka kama lugude. Ta ce, "Manta da allo. Me kika gani a gidan nan? Faɗi, amma bakinki ya bi taɓarya." Tasalla ta waiga, ta ga akuya ta tura kai cikin ƙwarya. Dim, dim: "Akuyarmu mai ƙaho ɗaya!" Dim, dim: "Ta cinye dusa ba kunya!" Sai ta yar da taɓarya, ta buga tsalle: "Yaya, ga wani baiti yana zuwa! Ta bi Baba har bakin hanya!" Ta wawuri gawayi ta hau rubutu a jikin katanga, matar tana ta dariya, har kaji suka faɗa wa geron ba ta lura ba. Ran Alhamis Tasalla ta tashi ta rera waƙarta, 'yan aji suka ɗauki amshi da dukan benci, iyaye na tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da malam ya tambayi wa ya koya mata, Tasalla ta ce turmi. Maigida ya dawo yana ba da labari, yana mamaki. Maganar ta zo wa matar har leɓe, sai ta ja mayafi ta rufe murmushinta, ta ƙudurta ba mai ji daga bakinta.

Ai da ma Hausawa sun ce, ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.