Ƙaramar Wayar Babbar Edita

'Yata, kin ce an ɗora ki a kan masu rubutu a kamfaninku, kina so in faɗa miki wani abu da za ki riƙe. Akwai wani labari a wurina, sai dai gefensa ya zube. Sunan garin ya ɓace mini. Wanda ya ba ni shi ma ban tuna ko a mota muka haɗu ba, ko a zauren wani aboki. Haka tsufa yake, yakan bar wa mutum hatsi ya tafi da buhun. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ki.

Wani kamfanin fasaha ne da ke aika wa manoma shawara ta waya, yaushe za a yi shuka, yaushe za a sa taki. Suna da masanin noma, da marubuta uku ko huɗu, da injiniyoyi masu haɗa manhaja. A tsakiyarsu akwai babbar edita, mace mai sanyin magana. Ba ta noma, ba ta haɗa manhaja, rubutun ma ba kasafai take yi da hannunta ba. Aikinta ta san abin da ke hannun kowa, ta sa masa ranar gamawa, kuma babu saƙon da zai fita sai ta ce ya fita. Wata damina, masara ta kai ƙwauri, mai kamfanin ya ce ran Alhamis za a saki saƙon taki ga dubban manoma. Kowa ya karanta shi a babban allon kwamfuta cikin sanyin ofis, aka ce ba gyara. Da gaske kuma babu kuskure a ciki. Ya fara da irin takin, da yawansa, da kwanakin masara, sai can ƙarshe ya ce kada a zuba in ƙasa a bushe take, kada kuma ya taɓa kara, don zai ƙone shi.

Editar ta roƙi a ba ta yini ɗaya. Ta ɗauki ƙaramar waya mai madannai, irin wadda manoma ke ɗaurewa da roba, ta shiga mota zuwa wani ƙauye ranar kasuwarsu, ta sa aka turo mata saƙon daga ofis. Saboda tsawonsa sai ya rabu biyu a hanya, sabis kuma a can sai an hau tudu. Rabin farko ya shigo da hantsi. Rabi na biyu, mai gargaɗin, har la'asar bai iso ba. Ta miƙa wayar ga wani dattijo da ke sayar da barkono, ya karanta a hankali, ta tambaye shi abin da zai yi da wannan shawara. Ya ce gobe da sassafe zai zuba, tunda takin yana ɗaki. A lokacin kwana tara rabonsu da ruwa, ƙasar ta yi fari. Ta ce, Baba, ba za ka jira sauran saƙon ba? Dattijon ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ku 'yan birni ke nan. Wa ya ce mini da saura? Mu in mutum ya yi shiru, mun ɗauka ya gama magana."

Da ta koma, mai kamfanin bai ji daɗi ba. Ya ce ƙauye ɗaya ne kawai, ya ce an riga an yi alkawari, ya ce abubuwa da dama waɗanda na manta. Ita kuwa ta ajiye ƙaramar wayar a kan teburinsa da rabin saƙon a jiki, ta ce, "Alhaji, in muka makara kwana uku, gunaguni za su yi. In masarar ta ƙone, sai baɗi." Ba ta nemi mai laifi ba. Ta zaunar da masanin noma ya ware abin da ba za a taɓa ba. Injiniya ya faɗi haruffa nawa ke wucewa a turawa ɗaya. Marubucin saƙon, wanda ya ji zafin a datse masa jimlolin da ya sha wahala a kansu, ta bar shi ya datse da hannunsa, ta zauna kusa da shi har ya gama. Daga ranar ta kafa ƙa'ida cewa abin da zai cutar da mutum in bai ji shi ba, shi za a sa a gaba. Saƙon ya fita ran Lahadi.

Na daɗe ina shakkar ko ni ne na ƙara wa labarin gishiri, don kin san yadda kaina ya zama. To, bara a yawona na sauka a wani ƙauye, hira ta kai mu ga taki, mai masaukina ya ce shi wayarsa ke gaya masa lokaci. Na ce ya buɗe mini saƙon. Na sa tabarau na duba da kaina. Layi biyu ne kacal, kuma da "Kada" ya fara. A bayan gidansa masara ta fi ni tsawo. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.