Ƙarfen da ke Cikin Ƙwaya

Kwana da kwanaki abin nan yana cina a rai, ko babansu ban faɗa wa ba.

Babbar 'yata tana karatun kemistiri a jami'a, ba ta yi aure ba. Ta rame, idonta ya yi fari fat, in ta miƙe daga wanki sai ta dafa bango. Maƙwabciyata mai ɗinki ta ce ta gan ta a asibiti, tana faɗa tana wani murmushi da bai yi mini daɗi ba. Na ce ai kullum muna can saboda Auta mai sikila. Ta ce ranar ba mu je ba.

Ni hankalina duk yana kan Auta. An sha ƙara masa jini, kuma duk zuwa sai nas ta ce in kwantar da hankalina, wani bawan Allah ya riga ya bayar.

Shekaranjiya ina shara na tsinci kwalin magani a ƙarƙashin katifarta. Jajayen ƙwayoyin nan ne da ake ba mu a awon ciki. Haihuwa biyar na yi, ko a mafarki zan gane su. 

Na same ta a kicin, na ajiye kwalin a gabanta. Ko gezau. Ta ɗauko waya ta hau lissafi kamar tana aji: wai ƙwayar miligiram ɗari biyu ce, amma ba dukanta ce ƙarfe ba, wato sinadarin da ke ƙara jini. Cikin nauyi ɗari da saba'in na sinadarin, hamsin da shida ne ƙarfe. A raba, a ninka da ɗari biyu, ya tashi sittin da shida, shi ma ɗan kaɗan jiki ke ɗauka.

"Ni ba lissafi na tambaye ki ba. Na waye?"

"Mene ne na waye, Umma?"

"Cikin."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Can ta ce duk zuwa asibiti ƙarfen da ke barin jikinta ya haura miligiram ɗari biyu, kuma yadda ta lissafa, ko rabi ba ta mayar ba tukuna. Ta naɗe hannun rigarta a hankali. Ga tabon allura nan a lanƙwasar hannu, sabo kusa da tsoho. Ashe ita ce bawan Allahn da ke ba Auta jini.

Likita ya ce makon gobe za a sake ƙara wa Auta jini. 'Yan'uwa, ku faɗa mini yadda zan yi: in bar ɗana ya jira, ko in ƙyale yayarsa ta sake miƙa musu hannu?